Zanen masu shan jini da gawayin murhu

A ƙauyenmu da ke yankin Ringim, mai shagon cajin waya ne ke tura mana fina-finai, kuma a wurinsa na fara samun na masu shan jinin nan na Turawa, matattun da ke fitowa daga akwatin gawa idan dare ya tsala. Abokaina kallo kawai suke yi. Ni kuwa tsayar da fim ɗin nake yi in kwaikwayi hoton a takarda.

Kayan aikina duk na gida ne. Takardar buhun siminti nake yagowa, fallen da bai taɓa siminti ba, sai gawayin da ya ƙone sosai har yana murmushewa a yatsa. Launin jini ne ya ba ni aiki. Ruwan zoɓo ja ne wur a kofi, amma da zarar ya bushe a takarda sai ya koma shuɗi-shuɗi. Jan goro da aka daka aka tace ya fi, don yana barin launin jinin da ya kwana. Idan na gama, sai in jiƙa ƙaro in yayyafa da tsohon buroshin haƙori, kada gawayin ya goge.

Littafin Dracula na Bram Stoker, ɗan ƙasar Ayalan, ya fito a 1897, amma wanda ya koya mini zane wani fim ne na Jamus mara murya, Nosferatu, na 1922, wanda F. W. Murnau ya shirya. Masu fim ɗin ba su nemi izini ba suka ɗauki labarin Dracula, matar Stoker ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata fim ɗin. Wasu kwafi suka tsira, shi ya sa har ya iso wayata. Akwai wurin da dodon ke hawa bene, ba a nuna shi ba sam, inuwarsa kaɗai ake gani a bango, ƙusumbi da dogayen farata suna miƙewa zuwa ƙofa. A ganina wannan ya fi duk fina-finan zamani da ke kwarara jini kamar a mahauta. Fiƙa da jini, yaro ma dariya yake yi musu a kallo na biyu.

Sai na riƙa ajiye tocila a ƙasa, in sa ƙanina ya tsaya gaban katangar zaure ya buɗe yatsu. Idan hasken ya fito daga ƙasa, inuwar takan haye har rufi, yatsun su ninka tsawo. Ita nake zanawa, in cike takardar da baƙi, in bar ɗan fari a bakin ƙofa. (Yara sun ga zanen sun fara jifar jemagu, wai su ma masu shan jini ne, sai da na faɗa musu cewa jemagu masu shan jini iri 3 ne kacal, duk a Latin Amurka suke. Manyan namu 'ya'yan itace suke ci.)

Fuska ce abin taka-tsantsan. Wata rana Kawu ya tarar da ni ina aiki, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Kai yaro, zana abinka, amma kada ka kuskura ya yi kama da wani a garin nan." Na san abin da yake nufi. Dodon Turawa gawa ce a wani tsohon gida can Taransilbaniya ta ƙasar Romaniya, ba shi da dangi. A nan kuwa wanda ake ce wa ya kama kurwar yaro mutum ne mai rai, yawanci tsohuwa ce da ba ta da mai tsaya mata, kuma zargin maita kan bi gida har jikoki su rasa mai aurensu. Zane ɗaya da ya yi kama da wance ya isa a fara nuna ta da baki a bakin rijiya.

Saboda haka idan dole sai na yi fuska, ta Nosferatu nake bi: kai tal ba gashi, kunnuwa masu tsini, haƙoran gaba irin na ɓera. Kafin kowa ya gani kuma sai na kai wa Inna. In ce, "Inna, wa kika gani a nan?" Idan ta ce aljani ne ko ta yi a'uziyya, zanen ya tsira. Idan ta ɗan yi shiru ta ambaci sunan wani, a murhunta nake cusa shi nan take.