Ranar da ɗalibaina suka ƙi yarda da kalmar "mafarki"

Shekara ta bakwai ke nan ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamare mai zaman kanta a cikin birnin Kano. Irin makarantar nan ce da iyaye suke biyan kuɗi don yaro ya dawo gida yana zuba Turanci, kuma a da har tara ake cin wanda aka kama yana Hausa a aji. To a zangon da ya wuce sai littafin karatunmu ya zo da shafi biyu a kan Martin Luther King, baƙar fatan Amurka da ya jagoranci neman haƙƙin mutanensa. Na karanta musu, suka maimaita, na yi tambayoyi. An haife shi a Atlanta a 1929, an harbe shi a Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968. Kowa ya ci. Na koma ofis ina jin daɗi.

Washegari ina tsaye bakin famfo na ji wani yaro yana ba ƙaninsa labari, wai jiya an koya musu wani sarkin Turawa da aka kashe. Ya ga "King" a sunan, shi ke nan. Kuma yaron nan yana cikin waɗanda suka cinye tambayoyin duka. Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai, don na gane haddar aku kawai muka yi.

Na samu hedimasta na roƙi arziƙi ya bar ni in yi mako biyu ina haɗa Hausa da Turanci a darasin. Ya ɗan yi jim, ya ce, "Malama, kin san iyayen nan." Na ce na sani, Yallaɓai, amma a gwada. Ya yarda, da sharaɗin jarrabawa da Turanci za a yi ta.

Abin da na fara yi ba wata dabara ba ce. Na raba allo biyu, na rubuta kalmomin darasin a hagu, na ce kowane rukuni na mutum biyar su nemo Hausarsu a dama. Na ɗauka minti goma zai ishe mu. Kwana uku muka yi.

Rigimar farko a kan jawabin nan ce da ya yi a Washington ranar 28 ga Agusta 1963, gaban mutane kusan 250,000, inda ya riƙa maimaita cewa yana da "dream". Duk rukunan suka rubuta "mafarki". Sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, yanzu mutum ya tara jama'a haka don kawai ya faɗa musu abin da ya gani a barci?" Aji ya fashe da dariya. Ita kuwa da gaske take, kuma tana da gaskiya. Mafarki a wurin Bahaushe abu ne na dare, in ya yi muni a tofa a hagu, in ya yi kyau a faɗa wa masoyi. Muka shiga lalube. Wani ya ce "fata", wata ta ce ai fata kowa yana yi ko yana kwance. Aka kawo "buri". Wani ya ce buri na mai son kansa ne, ya kawo karin maganar gidansu ta mai dogon buri. A ƙarshe suka tsaya a kan "buri", amma sai da suka tambaye ni abin da yake burin a kai. Wannan ita ce tambaya ta farko da wani ya yi mini game da mutumin tun da muka fara. A Turanci babu wanda ya tambayi komai, don ba ka tambaya a kan abin da bai shige ka ba.

Kalmar da ta fi ba mu wuya ita ce ta salon gwagwarmayarsa, wato ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa. Yaran suka ce "haƙuri". Ni ma da farko na kusa amincewa, don ita ce ta fi kusa da baki. Amma haƙuri a yadda muke faɗa wa yara shi ne ka yi shiru ka bar wa Allah. Su kuwa mutanen Montgomery, garin jihar Alabama inda King ya jagoranci gwagwarmaya, ba shiru suka yi ba. Bayan an kama wata baƙar fata mai suna Rosa Parks ranar 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi ta ba Bature kujerarta a bas, baƙaƙen garin sun ƙaurace wa motocin har kwana 381, sai da kotun ƙoli ta ce dokar rarraba kujerun ta saɓa wa tsarin mulki. Wannan taurin kai ne, amma ba duka ba zagi. Ba mu sami kalma guda ba. Abin da ya zauna a allo shi ne "ƙin yarda ba tare da faɗa ba", kuma na fi son sa a kan duk abin da ƙamus zai ba ni, don su suka ƙera shi.

Nan kuma na yi kuskuren da har yanzu nake jin kunyarsa. Na jera bencina kamar bas, na ce a yi wasan kwaikwayo. Na naɗa direba, ban faɗa masa yadda zai zaɓi masu komawa baya ba. Yaro ya duba fuskoki, ya nuna wata yarinya da ta fi kowa duhun fata a ajin, ya ce, "Ke baƙa, tashi." Sauran suka ɗauka. Kafin in tsayar da su tana kuka, kuma sunan ya bi ta har wajen tara. Da safe mahaifiyarta ta zo, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malama, mu da muka kawo ta ta koyi karatu." Ba ni da abin cewa sai ban haƙuri. Na manta cewa ba'ar launin fata tana nan a tsakaninmu, a gidajen biki da tallan man shafawa, ba sai an je Alabama ba. Tun daga ranar na daina ba yaro matsayin azzalumi a wasa, ko da na minti ɗaya ne.

Abin da ya maye gurbin wasan lissafi ne. Na tuna musu lokacin da masu a daidaita sahu suka yi yajin aiki a Kano, kowa ya taka da ƙafa. Sun tuna sarai, wasu daga Kurna suke zuwa. Na ce to ku juya abin: motocin suna nan suna yawo, kuɗin mota yana aljihunku, amma kun yi alkawari ba za ku hau ba, shekara guda da kwana goma sha shida. Kowa ya rubuta jimla uku da Hausa a kan abin da zai fi damunsa, sannan abokin zamansa ya mayar da su Turanci. Turancin da na samu a ranar ya fi na duk zangon rai, duk da kurakuransa.

A mako na biyu ne wani yaro ya ce, "Malama, mu ba mu da irinsa ne?" Na tsaya ina kallonsa. Kullum da yawansu suna wucewa ta Gwammaja, ta gaban Gidan Mambayya, sun san filin jirgi da asibitin koyarwa da sunan Malam Aminu Kano, amma da na tambaya ko wane ne, sai aka ce "wani mai kuɗi ne". Mutumin da ya rasu a 1983 a gidan da ba ya nuna alamar dukiya! Na ba su labarin NEPU, jam'iyyar talakawa da ya jagoranta, wadda aka kafa a nan Kano ranar 8 ga Agusta 1950, da kalmar "sawaba", da cewa shi ma malamin makaranta ne kafin siyasa, ya koyar a Bauci da Maru. Na faɗa musu Hajiya Gambo Sawaba da ta sha ɗauri don neman mata su yi zaɓe, da haraji da jangali da gwamnatin jam'iyyar PRP ta Abubakar Rimi a Kano ta soke bayan ta hau a 1979. Na yi hattara ban ce labarin ɗaya ba ne. Can launin fata ne doka ta rubuta, nan kuwa maganar talaka ce da masu sarauta a ƙarƙashin En'e. Amma yanzu aikin ya juya: su ne suke neman yadda za a ce "talaka" da "sawaba" da Turanci, suka kuma gano "poor man" bai ɗauko talaka duka ba, tunda mai kanti a Kwari ma yana iya zama talakan sarki. Na lura da yadda suka miƙe zaune da suka ga Turanci ma yana gazawa.

Aikin gida na ƙarshe shi ne kowa ya tambayi wani tsoho a gidansu abin da ya sani na zamanin, ya rubuto da harsunan biyu. Ba duka labaran suka zo yadda nake so ba. Wata ta ce kakanta ɗan NPC ne, jam'iyyar da NEPU take hamayya da ita, ya ce 'yan NEPU marasa kunya ne da ba sa ganin girman manya, na kuma sa ta karanta a gaban aji kamar kowa. Yaron nan na bakin famfo kuwa ya zo da takarda ninke, kakansa ya ce boko ba zai rubuta masa daidai ba, ya karɓi alƙalami ya rubuta da ajami yadda 'yan doka suka kama yayansa a wurin lacca. Ni kaina sai da na nemi taimakon malamin Islamiyya kafin mu karanta ta duka. Takardar tana manne a bangon ajin, da Hausar boko a gefenta, da Turancin da yaron ya yi kwana biyu yana gyarawa a ƙarƙashi.