Abin da Aikin Zane da Bidiyo ke Koyarwa Kan Ruɗin Ido

Duk mai aikin zane ko ɗaukar bidiyo a Legas ba ya daɗewa kafin ya gane cewa ƙwaƙwalwa kintatar motsi take yi. Tana kwatanta inda abu yake yanzu da inda yake ɗazu, sannan ta zaɓi hanya mafi kusa. Tun 1912 masanin ilimin halayyar ɗan Adam Max Wertheimer ya nuna cewa fitilu biyu da ke kamawa bi da bi sun isa su sa mutum ya ga haske yana tafiya. Da haka allon fitilun talla ke "gudu", alhali babu ƙwan da ya gusa.

A ɗauki tayar mota a gadar Third Mainland da waya mai ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. In rim ɗin, wato ƙarfen tsakiyar tayar, yana da hannu biyar, tazarar kowane hannu da na kusa digiri 72 ne. Tayar da ke juyi shida a daƙiƙa tana cin digiri 72 tsakanin hoto da hoto, sai ta fito tsaye cak. In ta ci 60 kawai, ƙwaƙwalwa ta ɗauka baya ta koma da 12, sai a ga taya tana juyawa baya. Gyaran editin ba ya maganin wannan. Saurin ɗauka ake canzawa tun farko. Wannan lissafin ne ke jawo haɗari a wurin aiki: wutar lantarkinmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, tsohuwar doguwar fitila kuma tana ƙyaftawa sau 100, don haka dutsen wasa ƙarfe na iya zama kamar a tsaye yana tsakar gudu.

Zanen da ake gani kamar yana motsi a takarda ya fi wuyar sha'ani. Na Akiyoshi Kitaoka na Japan, wanda ya fitar a 2003, da'irori ne masu launi huɗu a jere: baƙi, shuɗi mai duhu, fari, rawaya, a maimaita. Saƙon launin da ya bambanta sosai da kewayensa yana riga na mai rauni isa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta fassara jinkirin da motsi. A juya jerin, juyin ya koma ɗaya gefen. A gefen ido yake aiki, kuma ƙiftawa da ƙananan zabura na ƙwayar ido ke tayar da shi. In aka ƙura wa da'ira ɗaya ido, tsayawa take yi.

A wajen bugawa ake yawan yin asara. Zane ya yi ta juyi a kwamfuta, a kai shi Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, shuɗin ya sha tawada ya kusa zama baƙi, rawayar ta kode a takarda marar sheƙi. Matakan haske huɗu na launukan sun koma biyu ke nan, motsi ya mutu. Kafin a biya kuɗin kwafi dubu, a buga gwaji ɗaya a irin takardar da za a yi aikin, a ɗauke shi hoto a mayar baƙi da fari, a tabbata matakan huɗu sun rabu sarai.