Yadda Nake Rubuta Hukuncina a Kan Tabar Lofe da Naɗaɗɗiyar Taba

Masu shan lofe ba su da yawa a Zariya, masu neman naɗaɗɗiyar tabar ganye da ake kira sigar kuwa sun fi su ƙaranci, ko da yake garin ya san taba tun da daɗewa. Kamfanin taba ya yi shekaru yana da masana'anta a nan, manoman ƙasar Zazzau sun noma ganyen sun sayar masa, kuma kafin zuwan kamfani tsofaffi suna da battarsu ta taba gari da ake haɗawa da kanwa. Abin da ya sa na fara ajiye littafi shi ne irin tabar da nake sha ba a samun ta a kasuwar Sabon Gari ko a shagunan Samaru. Sai dai a yi sautu ga mai tafiya Abuja ko Legas ko ƙasar waje, kuɗinta kuma yana da nauyi, don haka wanda ya dogara da ƙwaƙwalwarsa kaɗai zai iya sake kashe kuɗi a kan gwangwanin da bai gamsar da shi ba tun farko.

Littafin na takarda ne, mai kauri, irin wanda 'yan kasuwa suke rubuta bashi a ciki. Kowace taba tana da shafinta. A saman shafin ina rubuta sunanta da kamfanin da ya haɗa ta da watan da ta zo hannuna da abin da na biya, sannan irin ganyen da ke cikinta, domin a nan ne bambancin yake farawa. Ganyen Bajiniya, wanda ake busarwa da zafi a cikin rufaffen ɗaki, yana riƙe sukarinsa, shi ya sa yake da zaƙi, kuma yana ƙona harshe idan aka yi gaggawar zuƙa. Barli a iska ake shanya shi, sukarinsa kaɗan ne, nikotin ɗinsa kuma ya fi yawa. Ƙananan ganyen Turkiyya da Girka a rana ake busar da su. Latakiya, wadda ta ɗauki sunan wani birnin gaɓar teku a Siriya, da hayaƙin itace ake turara ta har ta yi baƙi, kuma an yi shekaru yawancin wadda ake samu daga tsibirin Saifurus take fitowa. Ferik kuwa a wani ɗan yanki na jihar Luwiziyana ta Amurka ake yin ta, inda ake danne ganyen a cikin ganga ya yi watanni yana tsimuwa a ruwan jikinsa, kuma kaɗan ake zubawa a haɗi saboda ƙarfinta.

Duk wannan ana iya karanta shi a jikin gwangwani ko a intanet. Abin da babu mai rubuta mini shi, wanda kuma na ɗauka shi ne ainihin amfanin littafin, shi ne halin da tabar take ciki a ranar da na sha ta da halin da garin yake ciki. Mutanen da suke ba taba maki a Ingila ko Jamus ko Amurka suna zaune a inda iskar ɗakinsu ba ta yin irin juyin da tamu take yi. A Zariya, daga Disamba zuwa Fabrairu, hunturu yana tsotse laimar komai, har leɓen mutum ya tsage, kuma gwangwanin da aka buɗe aka bari da murfinsa kawai zai iya komawa burbuɗi cikin 'yan kwanaki. Busasshiyar taba tana ci da sauri, tana zafi, ƙanshinta yana gudu, sai mutum ya yanke mata hukuncin cewa ba ta da daɗi alhali laifin iska ne. A watan Agusta kuma lamarin yakan juye, ganye ya sha laima, wuta ta riƙa mutuwa, ruwa ya taru a gindin lofen, mutum ya ƙarar da ashana yana kunnawa. Saboda haka ba na rubuta hukunci sai na rubuta wata da yanayi a gefensa, kuma ba na rufe shafin wata taba sai na sha ta a rani na kuma sha ta a damina. Akwai haɗin Bajiniya da na raina da hunturu, da damina ta zauna kuwa ya zama shi nake fara miƙa wa hannu, kuma shafinsa yana nuna hukuncin biyu a jere, ban goge ko ɗaya ba.

Haka nan nake rubuta lofen da na yi amfani da shi. Mafi yawan lofen zamani daga saiwar wata bishiya ta ƙasashen Bahar Rum ake sassaƙa su, kuma itacen yana riƙe ƙanshin abin da aka sha a cikinsa. Idan aka sha Latakiya a lofe, aka biyo da Bajiniya, hayaƙin farko zai bi na biyu ya rufe masa zaƙi. Farin lofe na dutsen da ake haƙowa a yankin Eskishehir na Turkiyya bai cika yin haka ba, lofen totuwar masara da ake ƙerawa a jihar Misuri tun 1869 kuma yana da araha har mutum zai iya ware ɗaya don gwajin sabuwar taba kawai. Ni abin da nake yi ke nan. Abin da aka ci kafin a sha ma yana shiga lissafi, domin bakin da ya gama cin tsire da yaji, ko ya tauna goro, ba zai ji abin da bakin da ya sha ruwa kawai zai ji ba.

Naɗaɗɗiyar taba tana da nata sashen a ƙarshen littafin, kuma ta fi wahalar riƙo. Ganye hawa uku ne a jikinta: na ciki, da wanda ya ɗaure shi, da na waje mai kyan gani. Ina rubuta asalin kowanne idan an bayyana, da tsawonta da kaurinta. Ana auna kaurin da kashi 64 na inci ɗaya, saboda haka wadda aka ce inci 5 ce mai kauri 50, wato girman da ake kira robusto, kaurinta bai kai inci ɗaya ba. Sunayen da aka fi ji su ne na Kyuba, musamman ganyen yankin Pinar del Rio, sai Nikaragua da Jamhuriyar Dominikan, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ɗaya daga cikin ganyen hawan waje da masana suke yabo a maƙwabciyarmu Kamaru ake noma shi, a kai shi ƙetare a naɗe taba da shi, sannan ya dawo mana da tsada. Game da ta Kyuba, ina kwafe hatimin da ke ƙarƙashin akwati, wanda yake nuna masana'anta da wata da shekarar da aka cika shi, domin jabun sanannun sunayenta irin su Cohiba da Montecristo sun yi yawa a duniya, kuma wanda ya ba jabu maki ya ɗora wa sunan gaske abin da ba nasa ba.

Ana so a ajiye naɗaɗɗiyar taba a laima tsakanin kashi 65 da 72 cikin ɗari. Akwatin katako da ake sayarwa don wannan aikin ba ya jure hunturunmu, ni dai robar abinci mai matse murfi nake amfani da ita, da 'yan fakitin daidaita laima, da ƙaramin ma'aunin laima. Ma'aunin kansa yana bukatar gwaji, hanyar kuma mai sauƙi ce: a jiƙa gishiri kaɗan a murfin kwalba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda na sa'o'i da yawa, idan yana da gaskiya zai nuna kashi 75. Zafin bazara na Maris da Afrilu yana kawo wata matsalar, domin a cikin ɗumi ne ƙwan ƙwaron taba yake ƙyanƙyashewa, ya huda ganyen ya bar ƙananan ramuka da gari. Masu ajiya sukan sa sabuwar taba a firiza na 'yan kwanaki don kashe ƙwan, abin da yake bukatar wutar lantarki mai ɗorewa, shi ya sa na gwammace in riƙa sayen kaɗan. A shafin kowacce ina raba bayani gida uku, farkonta da tsakiyarta da ƙarshenta, saboda ɗanɗanon yana sauyawa yayin da wuta take matsowa, kuma ina rubuta ko zuƙarta ta yi tauri, ko wutar ta ci gefe ɗaya ta bar ɗaya.

Batun maki shi ne inda na rabu da yadda ake yi a waje. Mujallar Cigar Aficionado, wadda ta fara fitowa a Amurka a 1992, tana ba da maki bisa ɗari, kuma masu gwajinta suna sha ne bayan an cire tambarin don kada suna ya rinjaye su. Cire tambarin dabara ce mai kyau, amma ni ban yarda harshena zai iya bambance 89 da 91 ba, balle a ce abin da na ji da safe shi zan ji da dare. Hukuncina hawa huɗu ne, da kalmomi nake rubuta shi: wadda zan nema in saya ko ta yi tsada, wadda zan saya idan ta zo da sauƙi, wadda zan karɓa idan an ba ni, da wadda na sallama. Ƙarfin nikotin yana da gurbinsa dabam da daɗin ɗanɗano, domin mutane suna yawan haɗa su, alhali akwai taba mai cika baki da ƙanshi wadda ba ta juya kai, akwai kuma mai lami da za ta sa mutum gumi.

Wajen bayyana ɗanɗano, da abin da hancina ya sani nake aunawa. Masu sharhi na waje sukan ambaci 'ya'yan itace da abubuwan sha da ban taɓa ɗanɗanawa ba, kwafe su kuwa yaudarar kai ne. A littafina za a ga Bajiniya tana ƙanshin harawa da zaƙin dabino, Latakiya tana kama da hayaƙin banda, Ferik tana da tsamin da ke tsakanin tsamiya da daddawa, Barli kuma yana tuna mini da soyayyiyar gyaɗa. Wani zai iya ƙin yarda da ni, amma bayan shekara idan na karanta, na san ainihin abin da nake nufi.

Akwai wani gurbi da yake gaya mini abin da ba koyaushe nake son ji ba, wato kwanan watan kowane sha. Da aka jera su, yawan abin da mutum yake sha yakan fito fili, babu damar ya ce wa kansa jefi-jefi ne. Rashin haɗiye hayaƙi zuwa huhu bai kuɓutar da mai lofe ko mai naɗaɗɗiya daga haɗarin ciwon dajin baki da maƙogwaro ba, kuma babbar naɗaɗɗiya ɗaya tana iya ɗauke da ganyen da ya kai na kwalin sigari guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Malamanmu da yawa suna ƙyamarta, wasu ma suna haramta ta, dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta 2015 kuma ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. Ba na sha a cikin iyali ko a gaban manya, kuma ba na ba wanda bai taɓa sha ba shawarar ya fara.

Littafin yana kuma riƙe tarihin abin da ya ɓace ko ya sauya hannu. A 2018 kamfanin McClelland na Amurka, mai haɗa tabar lofe, ya rufe, haɗe-haɗensa suka ƙare ke nan. Tabar lofe ta kamfanin Dunhill ma ta daina fitowa a wannan tsakanin, daga baya wasu daga cikin sanannun haɗinta, irin su Nightcap da Early Morning Pipe, suka dawo da sunan Peterson. Masu sha suna ta muhawara a kan ko ɗanɗanon ya sauya, kuma wanda bai rubuta abin da ya ji a tsohon gwangwani ba ba shi da abin da zai kwatanta sabon da shi. Shekarun ajiya ma suna da tasiri, domin Bajiniya tana ƙara zaƙi da laushi idan ta daɗe a rufe, ita kuwa Latakiya kaifinta raguwa yake yi. Saboda haka duk tabar da na juye a kwalbar gilashi mai matse baki ina manna mata takarda da wata da shekara, in rubuta lambar kwalbar a shafinta. Idan wani aboki ya ce zai yi tafiya ya tambaye ni ko ina da sautu, hawan farko na hukuncin kawai nake dubawa, in zaɓi abin da kwalbarsa ta kusa ƙarewa, sannan in ƙara gwangwani ɗaya na abin da ban taɓa gwadawa ba.