Ranar da na roƙi Alhaji ya yi magana a ƙarshe

A ƙarshen 2022 wani mai kamfanin casar shinkafa a bayan garin Kano ya kira ni, ransa a ɓace. Ya sayo sabon inji, yana so a raba aiki gida biyu, na safe da na yamma har ƙarfe 11 na dare, amma ma'aikata sun ƙi ba shi haɗin kai. "Malam, taurin kai ne kawai," in ji shi. "Sau uku ina tara su, ba wanda ya ce uffan."

Na san irin wannan taron. Maigida na kan kujera, manaja a gefensa, leburori na tsaye a bakin ƙofa. Yana gama bayani sai a ce, "Allah ya ƙara girma, yadda ka ce haka za a yi." Washegari ana idar da magariba rabinsu su sulale. Ni ban ɗauki wannan munafunci ba. Tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya musa wa babba a bainar jama'a ba, balle wanda abincinka ke hannunsa.

Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: zai zauna a taron, amma shi zai yi magana a ƙarshe. Ya daɗe yana kallona. Na tuna masa cewa bayan abin da ya faru a Uhudu ne aka saukar da ayar "wa shawirhum fil amri", wato "ka yi shawara da su cikin al'amari", a Suratu Ali Imrana. Na kuma ba shi labarin masana'antar ɗinkin kayan barci ta Harwood a jihar Bajiniya ta Amurka, inda binciken da masana biyu, Coch da French, suka wallafa a 1948 ya nuna waɗanda aka tsara canjin aiki da su sun farfaɗo da wuri, waɗanda aka ba umarni kawai kuwa aikinsu ya ja baya, wasu ma suka ajiye shi. Ayar ce ta fi ratsa shi.

Muka shimfiɗa tabarmi a cikin sito, tsakanin buhunan shanshera. Na raba su biyar-biyar, na ware manaja da akawu gefe guda, na ba kowane rukuni takarda, ban da rubuta suna. Wasu da ajami suka rubuta.

Takarda ta uku nake karantawa wani dattijo mai kula da tukunyar turara shinkafa ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, ni na sa a rubuta wannan. Tun watan Yuli gwamnati ta hana adaidaita sahu fita daga goma na dare. In mun tashi sha ɗaya, da me zan koma Rijiyar Lemo?"

Wurin ya yi tsit. Alhaji da motarsa yake tafiya gida, abin bai taɓa faɗo masa a rai ba. Na ga leɓensa na motsi, na girgiza masa kai, ya daure. Wannan daurewar ta fi duk abin da na yi a ranar wuya.

Su da kansu suka yanke: masu safe su kama aiki da shida, masu yamma su karɓa bayan azahar, a kashe inji da ƙarfe tara na dare. Da layi ya zo kansa, Alhaji bai ƙara komai ba, sai tambayar dattijon ya yi: "Baba, nawa kake biya zuwa gida?"