Yadda nake haɗa cakulet mai zafi a gida, ba gudaji ba ƙauri

Toh jama'a yau zancen cakulet mai zafi zamu yi, irin wanda ake haɗawa da garin kokon cakulet da madara a tukunya, ba wanda ake yaga leda a juye a ruwan zafi a juya da cokali ba. Ni dai abinda na yarda dashi shine duk daɗin kofin nan a mintin farko ake samunsa, tun kafin madara ta shiga tukunya, in kika gyara wannan mintin to sauran aikin mai sauƙi ne, in kuma kika tsallake shi ko madara mai tsada kika zuba sai kinji wani gari-gari a harshe.

Bari in fara da dalilin da yasa nake cewa ki haɗa da kanki. Ki ɗauki gwangwani ko ledar irin wanda ake sayarwa a haɗe ki juya baya ki karanta jerin kayan da ke ciki, ka'idar rubutun shine abinda yafi yawa shi ake fara sawa, kuma sau da yawa suga zaki gani a farko, koko sai can na biyu ko na uku. Shi yasa zakiji zaƙi kamar me amma ƙamshin cakulet ɗin ba wani can ba. A gida kuwa ke ce mai cokali, ki ƙara koko ki rage suga yadda ranki yake so.

Ma'aunin kofi ɗaya a wajena: madara kamar mililita 250, garin koko babban cokali 1 a ɗan tule, suga babban cokali 1 ko ƙasa da haka, gishiri ɗan abinda yatsu biyu zasu ɗauka, sai ruwa babban cokali 2 zuwa 3. In da hali a ƙara cakulet na sanda mai duhu giram 20 zuwa 30. In madarar gari ce dake ki dama babban cokali 4 a kofin ruwa tun farko ki ajiye gefe, tana yi sosai wallahi, kawai dai mai cikakken mai zaki nema.

Yanzu ga wajen da nake so a tsaya. Garin koko baya son ruwa, saboda akwai sauran mai a jikinsa, ita kanta ƙwayar kokon kusan rabinta mai ne, ana matse mafi yawansa amma sai an bar kamar kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari a garin, wani ma ya haura 20. To in kika watsa shi kan madara mai yawa sai ya hau sama yana yawo, wajensa ya jiƙe cikin kuma a bushe, shine gudajin nan da zaki ta bi da cokali kina murƙushewa a jikin kofi har abin ya huce. Maganin kawai ki zuba koko da suga da gishiri a busasshiyar tukunya ki cakuɗa su tukuna, ƙwayoyin sugan su suke raba garin kar ya dunƙule, sannan ki zuba ɗan ruwan nan ki kwaɓa har ya zama sumul ba ko ɗigon busasshen gari.

Sai ki ɗora a wuta kaɗan, kina juyawa ba tsayawa, har ya fara ƙananan ɓul-ɓul, ki bashi kamar rabin minti zuwa minti ɗaya a haka. Zaki ga kalar ta ƙara duhu tana sheƙi, ƙamshin kuma ya canza gaba ɗaya ya cika kicin, wannan ƙamshin shine alamar kin isa. Abinda ke faruwa shine akwai sitaci a cikin koko kuma sai yaji zafi da ruwa yake dahuwa, in ya dahu ɗanyen ɗanɗanon nan mai kama harshe yake tafiya kuma abin sha ɗin ya samu jiki. Mutane da yawa suna cewa su basa son na gida wai yana da ɗaci da gari, ni kuma ina ganin ɗanyen koko suka sha. Amma dan Allah kar ki matsa daga gaban tukunyar a wannan gaɓar, kwaɓin kaɗan ne kuma da suga a ciki, yanzun nan zai kama gindi, kuma ƙonannen koko babu abinda ke gyara shi sai dai a sake.

Madara kuma a hankali ake zubawa, kashi ɗaya cikin uku tukuna ki juya ya haɗe, sannan sauran. Kar ki bari ta tafasa. Da kinga tururi na tashi kuma ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya ya isa, wajen digiri 70 zuwa 80 kenan ga mai abin awo. Madarar da ta tafasa tana yin yana a sama, tana kama gindi tayi ƙauri, ga kuma halinta na hawowa ta zube kan murhu da zarar kin juya baya. Tukunya mai kaurin gindi tafi dacewa.

Gishirin nan kar a raina shi. Ba ana so aji shi bane, aikinsa ya danne ɗacin koko, sai kiga da suga kaɗan ma abin yayi daidai. Ki gwada ki raba kofi biyu ɗaya da shi ɗaya babu, bakinki zai gaya miki.

In zaki sa cakulet na sanda ki yanka shi ƙanana, ki sauke tukunya daga wuta sannan ki zuba, ki bari ya ɗan zauna sai ki juya. Baya buƙatar wuta, man koko yana narkewa tun ƙasa da zafin jikin mutum, shi yasa ma yake narkewa a baki. Mai kashi 60 zuwa 70 nake so, lambar nan da ke jikin takarda tana nufin yawan abinda ya fito daga koko, sauran yawanci suga ne, don haka in naki mai zaƙi ne ki rage sugan farko. Ki kuma duba ko da man koko aka yi shi, akwai wanda ake musanya shi da wani man daban don yayi arha, irinsa yakan bar maiƙo a dasashi bayan an sha kuma ni gaskiya bana ganin amfanin sa shi, gara kokon zalla.

Sai kumfa, wanda ni a wajena ba ado bane, yana canza yadda ake jin abin a baki, yafi laushi kuma ƙamshin yafi tashi. Tun asali ma haka masu abin suke sha, mutanen Maya da Aztek a yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya, da ruwa suke haɗawa mai ɗaci har da barkono, suna kwarara shi daga wannan mazubi zuwa wancan daga sama don ya taso da kumfa. Sai a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai shi Turai, da suga aka riƙa shansa a can, kuma shekaru aru-aru sha ake yi ba ci ba, cakulet na sanda sai 1847 kamfanin Fry ya fito dashi a Ingila. A Meziko har yau suna da wani katako da ake murzawa tsakanin tafin hannu biyu, aikin maburgi sak. To ki sa maburgi ko abin kaɗa ƙwai ki burga da ƙarfi kamar rabin minti kafin ki juye, ko ki kwarara tsakanin kofi biyu, a kula dai da zafi.

Garin kokon ma iri biyu zaki tarar. Akwai na asali mai ɗan haske da ɗan tsami, akwai kuma wanda aka sarrafa da sinadarin alkali mai kama da kanwa ya zama mai duhu mai laushin ɗanɗano, wannan dabarar daga Holan ta fito a wajen iyalin van Houten, su ne kuma suka yi rajistar injin matse man koko a 1828. Duka biyun suna yi, na biyun dai yafi saurin haɗewa da madara kuma yara sunfi karɓarsa. Abinda za a tabbatar shine mara suga ne.

Mai son mai kauri irin na Sifen da Italiya, wanda har cokali ake sa masa, ta dama ƙaramin cokali 1 na sitacin masara da madara mai sanyi ta zuba, a nan kam dole a bari ya ɗan tafaso ana juyawa don sitacin ya dahu. Kayan ƙamshi kuma ɗaya ya isa a kofi, kirfa ko fanila ko ɗan barkono kaɗan, fanila bayan an sauke ake sawa don zafi na korar ƙamshinta.

In ya rage ki rufe ki sa a firij, washegari zaki ga kokon ya kwanta a ƙasa, ba lalacewa yayi ba, dama can baya narkewa a madara yawo kawai yake a ciki, ki ɗumama a wuta kaɗan ki sake burgawa. Akwai ɗan kafeyin a koko, sinadarin nan mai hana barci, bai kai na gahawa ba amma ga yaran da basa barci da wuri gara a basu da rana. Masu kare ko kyanwa a gida kuma kar a bar musu ragowar su lashe, sinadarin tiyoburomin da ke cikin koko jikinsu baya iya fitar dashi da sauri kamar namu, yana iya yi musu illa sosai.