Jarkoki uku

Laraba.

Yau kashi na 6 na katalis ɗin da nake haɗawa, wato sinadarin da ke hanzarta aikin batirin haidurojin a madadin filatinam mai tsada, ya fito daga tanderu. Jiya na ba shi awa 2 a digiri 900, iskar naitirojin na bi ta bututun don kada oksijin ya leƙa ya mayar min da shi toka, sannan ya kwana yana hucewa. Da na jawo ɗan kaskon tangaran, baƙin gari ne lukui kamar kwalli, in ka yi numfashi kusa sai ya tashi. Giram 100 na ɓawon jatan lande na soma da shi, abin da ya saura bai kai giram 6 ba.

Kafin rana ta raba na kwaɓa shi, na ɗiga a kan faifan gwaji, na juya a ruwan KOH, wani sinadari kishiyar asid. Layin da ya hau kwamfuta ya matso kusa da na filatinam fiye da duk na baya. Daɗi ya kama ni, na ɗauki hoto na tura wa Malam. Ya amsa: "Madalla. Saura asid." Gaskiyarsa. Irin wannan katalis yana rawar gani a KOH, amma batirin haidurojin na mota, kamar na Toyota Mirai, cikin asid yake aiki, a can kuwa ƙarfen da ke cikin katalis ɗin zagwanyewa yake yi, ƙarfin ya faɗi da wuri. Wannan bai dame ni ba, na san da shi.

Baba, mai share mana ɗakin gwaji, shi ne ya tsaya min a rai.

Tun ranar da ya kusa zubar min da ɓawon da na shanya, ba ya taɓa komai sai ya tambaya. Yau ya tsaya gaban jarkokin da ke ƙarƙashin teburina, tsintsiya a hannu.

"'Yata, waɗannan fa? Su ma kayan aiki ne?"

Na ce a'a Baba, ruwan wanki ne, akwai asid a ciki, kada ka taɓa, masu kwashewa za su zo. Ya ƙirga su da baki, uku. Ya dubi 'yar kwalbar da na zuba garin, wadda ba ta fi babban yatsa ba.

"Wannan ɗan abin ne ya haifi duk waɗannan?"

"Shi ne, Baba."

"To, Allah ya taimaka. Ni dai na ga kin shigo da shara leda guda, ga shi ta zama jarka uku."

Ba da gatse ya faɗa ba, har sannu ya yi min kafin ya wuce. Amma tun lokacin na kasa sake kallon hoton nan.

Na san dalilin da ya sa nake wannan aiki, kuma ban janye ba. A batirin haidurojin, ɓangaren oksijin ne mai jan ƙafa, shi ke cinye mafi yawan filatinam. Kusan kashi 70 cikin 100 na filatinam ɗin da ake haƙowa daga Afirka ta Kudu yake, kuma sai an niƙe tan guda na dutse a samu 'yan giram. Tun 1964 Raymond Jasinski ya nuna cewa kobalt zagaye da naitirojin zai iya aikin filatinam ɗin. Abin da muke nema yanzu ƙwayar ƙarfe ɗaya ce tsakiyar naitirojin huɗu, kusan irin zaman da take yi a jininmu, inda take kama oksijin. Har yau in na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi. Ɓawon kuwa da naitirojin ɗinsa yake zuwa, ga shi ana zubarwa.

Sai dai abin da ke taurara ɓawon sinadarin alli ne, dole in narkar da shi da asid. Kumfar nan da nake jin daɗin kallo tana tsiri a kofin gilashi, iskar kabon ce ke fita. Sai soda don cire furotin, sai ɗauraya kan ɗauraya, bayan tanderu kuma wani asid ɗin don wanke ƙarfen da bai kama ba. Ga lantarkin da ke kai tanderu 900. Ko ɗaya ban taɓa rubutawa a littafina ba, alhali "mai ɗorewa" na saman kowane rahoto da na miƙa. Abin ya yi min nauyi ƙwarai.

A hanya na yi ta juya wata dabara: in ƙona ɓawon da allinsa. Sama da digiri 800 allin kan fashe, iskar da ya saki ta huda ƙofofi a jikin gawayin, wankin asid ya koma sau ɗaya. Ko a bar ƙwayoyin cuta masu tsamar da madara su narkar da shi. Zan kai wa Malam maganar ranar Juma'a.

Yaya ta kira sau biyu, sai da dare na maida. Ciwon kai. Safar hannu ta ƙare.

Gobe zan riga masu kwashewa isa, in auna lita nawa ne a kowace jarka.