Tikitin rukuni a jirgin ƙasan Ingila da haƙƙin mai shi

A kudancin Ingila, idan manya uku zuwa tara za su yi tafiya tare a jirgin ƙasa, kamfanoni da dama kan rage musu kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. GroupSave ake kiran tsarin. Ba a samunsa da sassafe lokacin da ma'aikata ke tururuwar zuwa aiki, sai hantsi ya yi ko kuma Asabar da Lahadi. Ni ke haɗa wa Hausawan unguwarmu a Landan tafiye-tafiyen hutu, shi ya sa nake yawan sayensa.

Sharaɗinsa mai tsauri ɗaya ne: ku tashi tare, ku sauka tare. Kowa da tikitinsa a hannu, amma wanda ya ware ya hau wani jirgin, nasa ya tashi aiki. Tun 2023 tarar rashin ingantaccen tikiti a Ingila fam 100 ce ban da kuɗin tafiyar, tana komawa 50 idan an biya cikin kwana 21. Don haka kafin in saya sai na tambayi kowa. "Hajiya, tare za mu dawo ko kina da uzuri?" Mai shakka ya sayi nasa daban.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutanenmu ke ɗauka sharaɗi a kanmu kaɗai yake. Duk tikitin da ka saya yarjejeniya ce tsakaninka da kamfanin, ƙa'idojinta na cikin kundin National Rail Conditions of Travel, kuma rangwame bai cire ka daga ciki ba. Idan an soke jirgi ka fasa tafiyar, kuɗinka ake mayar maka cif. Idan tangarɗa ta sa ka maƙale a hanya, a wuyansu yake su nema maka wata hanyar isa, ko wurin kwana.

Wata Asabar da dare, mu shida muna dawowa daga bakin teku, aka soke jirginmu. Na bayansa ya zo cike maƙil. Ma'aikacin tashar ya cusa huɗu daga cikinmu, ƙofa ta rufe, mu biyu muka rage a ƙasa. Nan take na nuna masa tikitin na ce su suka raba mu. Ya rubuta lokaci da sunan tashar a 'yar takarda ya sa hannu. Na ɗauki hotonta da na allon da ke nuna an soke jirgin, na tura wa sauran ta WhatsApp. Da mai duba tikiti ya iske su huɗu ya fara tambaya, hoton suka miƙa masa, ya karanta ya wuce.

Washegari da na ce mu nemi diyya, dattijon cikinmu ya ce, "Ɗana, bar su, ai araha muka samu." Na ce, "Baba, su suka sa arahar, kuma su suka yi alkawarin lokacin."

Tsarin diyyar shi ne Delay Repay, kuma ba ruwansa da musabbabin jinkirin. A yawancin kamfanoni jinkirin minti 15 na jawo kwatar kuɗin tafiya ɗaya, minti 30 rabi, awa ɗaya duka, awa biyu kuma kuɗin zuwa da dawowa gaba ɗaya. A kan abin da ka biya ake lissafi, ba a kan cikakken farashi ba. Kwana 28 gare ka ka nema, don haka kada kowa ya jefa tikitinsa a shara, musamman da yake shingen fita daga tasha kan haɗiye shi. Nakan sa a ɗauki hotonsa tun kafin a hau.

Mu biyun da muka wuce awa ɗaya an mayar mana da kuɗin dawowa duka, sauran huɗun rabi. Da sun hana, akwai ofishin Rail Ombudsman da aka buɗe a 2018, wanda ke karɓar ƙorafi kyauta idan kamfani ya yanke amsarsa ta ƙarshe, ko kwanakin aiki 40 suka wuce ba a daidaita ba.